Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Shugabannin Ƙananan Hukumomin Kano ta Arewa Kan Matattun Rijiyoyin Burtsatse

Zuwa ga masu girma shugabannin ƙananan hukumomi 13 na Kano ta Arewa, da kansilolinsu.

Mai wannan wasiƙa, wanda ɗaya ne daga cikin talakawan da suke shugabanta, yana roƙon su ba shi aron kunne game da lamarin da ya daɗe yana ci wa mutanen karkara tuwo a ƙwarya, wato lalacewar rijiyoyin burtsatse da shirun da hukuma take yi bayan sun lalace. An zaɓi a rubuto a fili ne domin hanyoyin da aka saba bi, na zuwa sakatariya da na aika wa kansila saƙo ta bakin mai unguwa, ƙorafi yana shiga cikinsu amma amsa ba ta fitowa.

Ƙasar da ta tashi daga Dawakin Tofa ta bi Bichi da Bagwai da Tsanyawa, ta zagayo Dambatta da Makoɗa, ƙasa ce mai cike da jama'a, inda gona take manne da gona kuma ba a barin fili ya huta ko da shekara guda. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya yi nazarin karkarar da ke kewaye da birnin Kano tun shekarun 1960, ya nuna cewa abin da ya riƙe irin wannan noma shi ne takin gida, wato kashin tumaki da awaki da toka da sharar tsakar gida, waɗanda manomi yake tarawa ya kai gona kafin saukar damina. Ke nan dabbar da aka turke a bayan ɗaki ita ce rabin amfanin gero da dawa da gyaɗa da wake, kuma dabbar nan sai ta sha ruwa kullum. Duk wanda ya ɗauki ruwan ƙauye a matsayin maganar sha da girki kawai bai san yadda noman wannan yanki yake tafiya ba.

A ƙauyen da marubucin yake zaune akwai rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, wadda aka buɗe da kiɗa da jawabai, aka kafa mata allo mai ɗauke da sunaye. Ta yi aiki na ɗan lokaci, sannan injin da ke jawo ruwa ya ƙone, tankin ya bushe, daga baya ɓarayi suka kwance faifan da ke tara hasken rana tun da babu wanda aka ɗora wa gadinsu. Da dattawan gari suka tashi neman gyara, wani ofis ya ce aikin na jiha ne, wani ya ce aikin mazaɓa ne, wato irin wanda ɗan majalisa yake sawa a kasafin kuɗi da sunan yankinsa, wani kuma ya ce a rubuto takarda. An rubuta takardar, an kai, an sake kaiwa, kuma har yau babu wanda ya ce za a gyara, babu kuma wanda ya fito ya ce ba za a gyara ba. Wannan na biyun shi ya fi ciwo, domin da an gaya wa mutane gaskiya tun farko da sun yi karo-karo bayan kaka, lokacin da akwai ɗan abin hannu, sun kira mai gyara da kansu. Jiran alkawarin da ba a yi ba kuma ba a janye ba shi ya cinye musu lokacin.

Abin da ya biyo baya kowa ya san shi, sai dai wanda ba ya kwana a ƙauye. Da bazara ta kama, daga Maris zuwa Mayu, rijiyoyin guga sukan ja baya har sai an yi sammako ana jiran ruwa ya taru, 'yan mata su kan rasa darasin safe suna kan hanya da bokiti, mai ɗan hali ya sayi jarka a hannun 'yan garuwa, marar hali kuma ya koma kududdufin da dabbobi suke sha. Daga nan ne amai da gudawa suke shigowa gida, kuɗin da aka tanada don iri da takin zamani ya tafi kantin magani. Wasu magidanta sukan sayar da tumakinsu kafin lokaci don ba za su iya shayar da su ba, gonar kuma ta rasa takinta a daminar da ke tafe. Abin baƙin ciki ne a ce haka tana faruwa a yankin da yake da madatsar ruwa ta Thomas da ta Watari, cikin jerin madatsun da Kano take alfahari da su tun shirin da aka faro a zamanin Gwamna Audu Bako.

Ba za a ce hukuma ba ta san hanyar ƙofar talaka ba. A zamanin En'e, wato hukumar gargajiya da ta riƙe mulkin ƙasa kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976, saƙo yakan sauko daga hakimi zuwa dagaci zuwa mai unguwa, kuma babu magidancin da haraji ko jangali ya taɓa mantawa da shi har Gwamna Abubakar Rimi ya soke su bayan hawansa mulki a 1979. A shekarun yaƙi da cutar shan inna an bi gida-gida ana ɗiga wa yara magani ana yi wa bango alama da alli, har aka kai ga ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da cutar ta asali a Agustan 2020. Lokacin zaɓe ma mota mai lasifika tana shiga lungun da motar asibiti ba ta taɓa shiga ba. Hanyar isar da saƙo tana nan da ranta, ana dai amfani da ita ne idan hukuma ce take neman wani abu a wurin jama'a, idan kuma jama'a ne suke neman bayani sai a ce su zo sakatariya.

Adalci ne a ambaci uzurin shugabanni. Sashe na 162 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tanadi asusun haɗin gwiwa, wato asusun da kason ƙananan hukumomi yake faɗawa a hannun jiha kafin ya isa gare su, kuma shekara da shekaru ana kukan cewa abin da yake isowa bai wuce na albashi ba. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan kasonsu kai tsaye, kason da ya kai kashi 20.60 cikin ɗari na asusun tarayya, ta kuma haramta riƙe su da kantomomi, wato shugabannin riƙo da gwamna yake naɗawa. A ranar 26 ga Oktoban wannan shekarar aka yi zaɓen ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484 na Kano. Talakawa da yawa sun saki jiki a lokacin suna cewa gyara ya zo. Mutumin ƙauye dai bai ga canji a bakin famfo ba, kuma ba a gaya masa ko kuɗin yana zuwa, ko nawa ne, ko a hannun wa yake tsayawa ba. Idan hannun shugabanni a ɗaure yake, faɗar hakan ga waɗanda suka zaɓe su ba abin kunya ba ne, ɓoyewar ce take sa a zarge su da abin da wataƙila ba su ci ba.

Shawarar da ake bayarwa ba ta buƙatar kwangila. Kowace ƙaramar hukuma ta sa sashenta na ruwa da tsafta ya ƙirga rijiyoyin burtsatse da famfunan tuƙa-tuƙa mazaɓa-mazaɓa, a rubuta mai aiki da matacciya da wanda ya haƙa ta da wanda gyaranta yake wuyansa, a manna takardar da Hausa, boko da ajami, a ƙofar dagaci da bakin kasuwa. Kansila ya zauna da mutanen mazaɓarsa sau ɗaya a wata bayan sallar Juma'a, ya karanta abin da ya shigo da abin da aka kashe, a kuma sayi ɗan lokaci a gidan rediyo, tun da rediyo ne abokin hirar manomi, don a maimaita. Kafin a haƙa sabuwar rijiya a gyara tsofaffin, a koya wa matasa biyu ko uku a kowace mazaɓa aikin gyaran, a ajiye kayan gyara a sakatariya, inda aikin ya fi ƙarfin ƙaramar hukuma kuma a kai shi ga hukumar RUWASA mai kula da ruwan karkara ta jiha a rubuce, a sanar da jama'a ranar da aka kai.

Akwai sauran koke-koke, na hanyoyin da suke yankewa da damina a rasa yadda za a fitar da amfani zuwa kasuwar Dawanau, da ɗakunan shan magani da ake rufewa tun la'asar, da fargabar 'yan bindiga a ƙauyukan Shanono da Tsanyawa masu iyaka da Katsina. Kowanne ya isa wasiƙa ta kansa. An tsaya a kan ruwa ne domin shi ne abin da shugaban ƙaramar hukuma zai iya fara taɓawa ba tare da jiran Abuja ba, kuma ana roƙon a fara da jerin sunayen matattun rijiyoyin kafin bazara mai zuwa.

Wassalam,
Daga wani manomi a Kano ta Arewa.