Tsarabar da Muke Aika wa Yara Gida

Ya ku 'yan'uwana mazauna Ikko da Badun, da na je Salla gida Yola Gari, na tarar da ɗana ya duƙufa kan tsohuwar Game Boy da na aika masa, yana wasan Zelda wanda kamfanin Nintendo na Japan ya fitar a 1993. Kurkuku takwas ne cikinsa, kowanne sai an warware kacici-kacici kafin ƙofa ta buɗe.

Wasu na cewa shiririta ce. Ni ban yarda ba, gama yaron ya koyi haƙuri. Laifin namu ne iyaye: wata shida yana maƙale a kurkuku na uku saboda Turancin ya fi ƙarfinsa, ba shi da wanda zai tambaya. Dare ɗaya muka zauna tare muka tsallake shi, kashegari na hau mota a Jimeta.