Ra'ayi: Kunya a gida take tsayawa, kamun kai ne ke raka saurayi ci-rani

Kwanakin baya na zauna shan shayi a wata fada a garin Safo da ke gundumar Madarunfa, kusa da Maradi. Cikin samarin akwai wani ɗan kabu-kabu Kirista wanda ya yi shekara biyu yana ci-rani a Aljeriya, ya dawo ba ko kuɗin sayen babur na kansa. Ya ce mini babu wanda ya yi masa fashi. Caca ta waya da ƙwayar tiramol ne suka cinye guminsa. A gida bai taɓa kusantar ko ɗaya ba, domin kowa ya san mahaifinsa, kowa ya san majami'ar da suke zuwa. Da ya isa inda ba a san shi ba, sai ya tarar babu abin da ke riƙe da shi.

Labarinsa ya sa na sake tunani kan irin tarbiyyar da muka taso da ita. Mafi yawanta a kan kunya aka gina ta. Yaro na gudun abin assha ne don kada a gani, kada a faɗa wa Baba, kada sunan gida ya ɓaci. Kunya abu ne mai kyau, amma da idon mutane take aiki. Yau kuwa abubuwa biyu sun ɗauke wannan ido daga kan saurayi: tafiya ci-rani da wayar hannu. Wanda ke Tamanrasset ko Legas ko Abijan ba mai ganinsa. Wanda ke kwance a ɗakinsa a Safo ƙarfe ɗayan dare da waya a hannu shi ma ba mai ganinsa. A irin wannan wuri kamun kai kaɗai ke saura, kuma shi koyonsa ake yi kamar kowace ibada.

Ga saurayi Kirista wannan ba baƙon darasi ba ne. A wasiƙar Bulus zuwa ga Galatiyawa, sura 5, an lissafa halaye tara da ake kira 'ya'yan Ruhu, kamun kai ne na ƙarshe. A wasiƙarsa zuwa ga Titus, sura 2, ya jera wa tsofaffi da mata halaye da dama, amma da ya zo kan samari kamun kai ya fara sa musu a gaba. A wasiƙa ta fari zuwa ga Korantiyawa ya kwatanta mai bi da ɗan tsere da ke horar da jikinsa. Labarin Yusufu da matar maigidansa a Masar, wanda Musulmi da Kirista duk suka sani, labarin saurayi ne a ƙasar baƙunci, nesa da idon mahaifinsa.

Duk da haka, wa'azin da samari suka fi ji a kan wannan batu bai cika wuce maganar mata ba, sau da yawa ma a kan tufafin 'yan mata ake ƙarewa. A ganina wannan kaucewa ce. Inda saurayin jihar Maradi ke faɗuwa a yau wurare uku ne: kuɗi, ƙwaya da fushi.

Na ukun ya fi nauyi a wuyan Kirista. Ƙidayar shekarar 2012 ta nuna Kiristoci ba su kai kashi 1 cikin 100 na al'ummar Nijar ba, ko da yake sun daɗe a wannan yanki. Tun ƙarshen shekarun 1920 mishan ta SIM ta zauna a Tsibiri, a 1956 kuma aka buɗe asibitin kutare na Danja, wanda har gobe Musulmi da Kirista ke amfana da shi. Amma kowa na tuna watan Janairun 2015, lokacin da aka ƙona majami'u masu yawa a Damagaram da Yamai bayan zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo ta Faransa, har aka rasa rayuka. A watan Yunin 2019 ma an cinna wa wata majami'a wuta a unguwar Zariya da ke Maradi bayan kama wani limami, a rikicin da ya taso tsakaninsa da hukuma kan dokar tsara harkokin addini. Ƙona wurin ibada laifi ne, alhakinsa na kan wanda ya ƙona. Sai dai saurayin da ya taso a irin wannan yanayi dole ya san cewa kalma ɗaya da ya rubuta a Facebook cikin zafin rai tana iya komawa kan tsohuwar da ba ta taɓa riƙe waya ba. Wanda ke ƙasar waje ya fi buƙatar wannan tunatarwa, domin shi ya rubuta ya kwanta barci, 'yan gida ne ke kwana da ido biyu.

Wani zai ce ai wannan koya wa mutane tsoro ne. Ban yarda ba. Matsoraci shiru yake yi don ba shi da zaɓi. Mai kamun kai yana faɗin gaskiya, yana kai ƙara gaban hukuma ko sarkin gari idan an zalunce shi, amma shi ke zaɓen lokaci da kalma, fushi ba ya zaɓa masa. Wani kuma zai ce talauci ne tushen komai. Akwai gaskiya a ciki. 'Yan bindiga sun hana noma sakat a ƙauyukan bakin iyaka na Madarunfa, rufe iyaka da Najeriya a 2019 da kuma bayan juyin mulkin Yulin 2023 ya karya ƙananan 'yan kasuwa. Wa'azi ba zai samar da aikin yi ba, wannan haƙƙi ne a kan hukuma. Amma jika biyun da ɗan kabu-kabu ya samu yau, shi zai yanke inda za ta tafi, kuma talaka ya fi mai kuɗi buƙatar iya riƙe hannunsa.

To yaya ake koyonsa? Manoman Maradi sun riga mu sanin amsar. A 1983 wani ma'aikacin SIM ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututturan da ake sarewa a gonaki suna da rai a ƙarƙashin ƙasa. Maimakon dasa sabbin itatuwa, sai manomi ya zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi, ya datse sauran, ya riƙa komawa yana gyarawa. Wannan sassaben zamani ya farfaɗo da itatuwa a fili da aka ƙiyasta ya kai hekta miliyan 5 a Nijar. Kututturen da aka bari ya tofo ta ko'ina ba ya wuce sagagi. Ƙarfin saurayi ma haka yake: ba a kashe shi, ana rage masa rassa ne don ya miƙe.

A aikace ga abin da nake nufi. Saurayi ya ɗauki azumi da gaske, ko na kwana 40 kafin Ista ko na rana ɗaya a mako, domin wanda ya saba hana cikinsa zai iya hana hannunsa. Abokanmu Musulmi suna wannan horo duk watan Ramadan, ba abin kunya ba ne a koya daga maƙwabci. Ya tsayar da lokacin addu'a da karatun Littafi Mai Tsarki da safe kafin ya buɗe waya. Ya cire manhajar caca gaba ɗaya, kada ya ce zai rage. Ya shiga adashi ko ya tura rabon gida ranar da kuɗi ya shigo. Saƙon da ya rubuta cikin fushi ya bar shi ya kwana. Sannan ya samu mutum ɗaya, dattijo ko aboki, da zai riƙa faɗa wa gaskiya idan ya zame. Wanda tiramol ta riga ta kama kuwa a kai shi asibiti, addu'a ba ta hana magani.

Fastoci da shugabannin matasa na EERN da Katolika da sauran ɗariƙu su ma da aiki a gabansu. Duk saurayin da zai tafi ci-rani a zauna da shi kafin ya hau mota, a yi maganar kuɗi da ƙwaya ƙarara, a haɗa shi da wanda zai riƙa kiransa. Wanda ya dawo hannu rabbana kada a mai da shi abin misali a kan mumbari.

Saurayin nan na Safo yanzu babur ɗin wani yake tuƙawa. Kowane dare yana ajiye dala ɗari a hannun mahaifiyarsa kafin ya wuce fada. Ya ce bayan girbi zai sake tafiya, kuma a wannan karo ya san abin da zai tarar a can.