Daga Rijiyar Kusugu Zuwa Bakin Famfo

Kowane ɗan Daura ya san labarin rijiyar Kusugu, da macijin da ya hana mutanen gari ɗiban ruwa sai ran Jumma'a, har Bayajida ya zo ya kashe shi. Maciji dai ya mutu, amma har yanzu akwai gidajen da 'yan garuwa ne ke shayar da su. Mu kuwa ɗaliban injiniyancin haɗa sinadarai muna da namu laifi cikin wannan al'amari, ko da yake ba mu son a faɗa.

Darasin da ya fi ba mu wuya, watau ilmin gudanar ruwa cikin bututu da cikin ƙasa, mun ɗauke shi tamkar takardar shiga matatar mai ta Kaduna ko ta Ɗangote a Legas. Alhali kuwa Henry Darcy, wanda muke haddace ƙa'idarsa, ba mai ya nema ba. Garinsu Dijon na ƙasar Faransa ya jawo wa ruwan sha, kuma a 1856 ya bayyana yadda ruwa ke ratsa yashi. Da ƙa'idar nan ake ƙiyasta abin da rijiya za ta bayar, ake kuma tsara matatar yashi. Yashi kuwa ba baƙo ba ne a ƙasar Daura.

Manomin rani zai sayi injin ban-ruwa, ya girka a bakin rijiyar da ruwanta ke zurfin mita 12, ko ɗigo bai hau ba, sai ya ce an cuce shi. Ba wanda ya cuce shi. Nauyin iska ne ke turo ruwan cikin tiyo, ba ya kuwa iya ɗaga shi fiye da kimanin mita 10, a aikace ma bakwai ko takwas. Haka nan ɗan kwangilar da ya rage faɗin bututu da rabi don ya tsira da 'yan kuɗi: in ana son ruwa kamar na da, turjiyar bututun ta ninka wajen sau 30, na ƙarshen layi kuwa sai dai ya ji famfo na huci.

Duk mun san wannan, mun ci jarrabawa da shi, amma manomi bai taɓa ji daga bakinmu ba. Saboda haka muna roƙon ƙungiyarmu ta sa 'yan ajin ƙarshe su yi bincikensu a kan rijiyoyin fadama da bututun da ke kawo ruwa daga madatsar Sabke, su rubuta sakamakon da Hausa, a kai wa dagatai da masu unguwanni a hutu mai zuwa.