Kafin Ƙasa Ta Bushe, A Kafa Lambu

Jama'a, damina ta tattara kayanta, gero ya shiga rumbu, iskar hunturu ta fara kaɗawa da asuba. Duk gidan da ke da fili, ko kango ne a maƙwabta, yanzu ne lokacin kafa lambu. Babba nake nufi, wanda zai riƙe tukunyar miya har bazara.

Tumatir da albasa da kabeji da karas da latas 'yan sanyi ne. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu dare yana da sanyi, babu laimar da ke ruɓar da ganye. Da zafin Maris ya taso, furen tumatir sai ya riƙa kakkaɓewa bai ƙulla ɗa ba. Wata huɗu ke nan kacal a hannunmu, kuma wanda ya tsaya sai Janairu ya cinye rabinsu a zaune.

Mun san aikin nan. Bayan farin 1984, gwamnatin Seyni Kountché ta tura mutanen Nijar noman rani, ga albasar Galmi ana dakonta har Ghana. Ruwan madatsar Tiga ya mayar da Kadawa da Kura gidan tumatir. To amma wancan na kasuwa ne, manyan motoci ke kwashe shi zuwa Legas. Mu tuna 2016, shekarar da tsutsa ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna, magidanci ya tsaya gaban mai kayan miya yana lissafi da yatsu. Abin yana ci mini rai, a ce ga fili a gida, ga rijiya, ga kashin tumaki jibge, amma uwargida tana jiran cefane kafin ta ɗora tukunya.

Maigida, darni za ka fara yi. Karan dawa yana nan birjik a gona, a kafa shi da ƙarfi, domin akuya ɗaya ta isa ta share aikin wata guda kafin a sauko daga masallaci. Sannan a kafce ƙasa tun tana da sauran danshin damina, a cuɗa ta da taki wanda ya ruɓe sosai. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa, a kiyaye. A yanka fangali-fangali, faɗin kowanne kada ya wuce inda hannu zai kai tsakiya, don kada a riƙa taka shuka wajen cire ciyawa.

A ware gefe guda a yafa irin tumatir da albasa da tattasai da kabeji, a yi musu 'yar rumfa. Tumatir yana isa dashe bayan mako uku zuwa huɗu, albasa kuwa sai ta yi shida ko fiye. Da yamma ake dashe, in rana ta yi sanyi, a bi da ruwa nan take. Karas ba ya son a taɓa shi, inda aka yafa nan zai zauna. Kuma don Allah kada a dasa tumatir duka rana ɗaya! A raba shi kashi uku, mako biyu tsakani, kada ya nuna gaba ɗaya a rasa inda za a sa shi.

Na san za a ce ruwa. Gaskiya ne, shi ne wahalar. Amma a shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko ɓuntun shinkafa a gindin shuka, za a ga ƙasa ta riƙe danshi. Ruwan alwala da na wankin hatsi duk a karkata su lambu, ban da na sabulu. In ƙwari sun sauka, a daka 'ya'yan darbejiya a jiƙa su kwana, a tace a yayyafa.

Iyayenmu mata, rarar taku ce. A yanka tumatir a shanya, iskar hunturu za ta busar da shi tas, ganyen albasa a yi gabu, a adana don watan Yuni lokacin da kayan miya ke gagarar talaka. Samari masu zaman majalisa, ku ne masu jan guga. Ranar kasuwa mai zuwa a sayo iri, a wasa fartanya, a fara ɗauko kara daga gona.