Ra'ayinmu: A yi hattara wajen sauya injin kwale-kwale a Rusairis

Sanin kowa ne cewa tun da aka kammala ƙara wa madatsar ruwa ta Rusairis tsawon mita 10 a shekarar 2013, tafkin ya faɗaɗa, an tashi ƙauyuka da dama, tazarar da ke tsakanin wuraren kamu da kasuwannin Damazin da Rusairis kuma ta ƙaru. Masuncin da a da filafili ke isarsa, yanzu sai da inji, in ba haka ba ƙarfasa da tarwaɗar da ya kwana yana kamawa su lalace kafin ya iso gaɓa. Inji kuwa fetur yake sha, fetur ɗin da gwamnati ta janye wa tallafi a 2021, yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya zo ya ƙara masa tsada.

Wannan ne ya sa ake ta ba masuntanmu shawarar su ajiye tsohon inji mai bugu biyu, wanda ake gauraya wa fetur da baƙin mai, su koma ga mai bugu huɗu. Babu shakka shawarar tana da tushe. Yadda aka ƙera mai bugu biyu, ƙofar shigar mai da ta fitar hayaƙi kan kasance a buɗe lokaci guda, don haka wajen kashi ɗaya cikin huɗu na man da aka zuba ba ya ƙonewa, cikin ruwa yake tafiya. Wato masunci ya sayi jarka huɗu da guminsa, ya tuttular da guda a inda kifinsa ke ƙwai, inda iyalinsa ke ɗebo ruwan sha. Dalilin ke nan da ya sa aka hana irin waɗannan injuna shiga tafkin Taho na Amurka tun 1999. Mai bugu huɗu yakan rage shan mai da kusan kashi ɗaya cikin uku: jirgin da ke shan lita 20 a wuni zai iya tsira da lita 6, ga ƙarancin ƙara da hayaƙi.

To amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Abin da ya sa Yamaha Enduro da ire-irensa suka zama abokan masunta shi ne sauƙin gyara. In ya tsaya a tsakiyar ruwa, yaron jirgi ma zai kwance fulogi ya goge, ya busa kafireto, a ci gaba da tafiya. Sabon injin ba haka yake ba. Yana da bawul da ke son saiti, yana son a juye masa baƙin mai bayan kowace awa 100 ta aiki, ba ya jure gurɓataccen fetur irin na 'yan bumburutu, in kuma aka kwantar da shi ta gefen da bai dace ba, baƙin mai ya malale masa cikin silinda. Ga nauyi: mai ƙarfin doki 15 yakan kai kilo 50, alhali tsohon bai cika kilo 40 ba, kuma ba kowane kwale-kwalen katako ne bayansa zai ɗauki wannan ƙari ba. Wa zai riƙa saɓa shi a kafaɗa zuwa gida kullum yamma saboda ɓarayi?

Sai batun kuɗi, wanda shi ne babba. Hausawa da dama na wannan yanki sun yi asara a rikicin 2022, har yau wasunsu ba su gama farfaɗowa ba. A ce wa irin wannan mutum ya ci bashi ya sayi injin da gyaransa ke da wuya, jefa shi ne cikin wata sabuwar wahala.

Saboda haka ra'ayinmu shi ne a fara da manyan jiragen fito da masu jigilar kifi, domin su ne ke wuni bisa ruwa, su ne kuma rarar man za ta mayar wa kuɗinsu da wuri. Ƙaramin masunci ya riƙe nasa tukuna, ya daina awon baƙin mai da ido, ya bi ma'aunin da kamfani ya rubuta.

Muna kira ga gwamnatin yankin Nil Azrak da kada ta yi gaggawar kafa dokar hana tsohon inji. Ta fara da horar da bakanikai a Damazin da Rusairis, ta nemi a sassauta kuɗin kwastan a kan injin da kayan gyaransa, sa'an nan Bankin Noma ya ba ƙungiyoyin masunta rance ta hannun sarakunan ruwa, biyan ya riƙa faɗowa a lokacin da kamu ya yi albarka.