Daga CEDEAO zuwa AES: ina makomar kasuwannin Tasawa da Mayahi?

Jama'a, abin da ake kira yanki a siyasar duniya shugabanni ne ke zama su ƙulla shi da sa hannu. Haka aka yi a can ƙurewar arewacin duniya mai ƙanƙara: a 1996 ƙasashe takwas, ciki har da Rasha da Amurka da Kanada, suka kafa Majalisar Arctic. Da yaƙin Ukraine ya ɓarke a 2022, bakwai suka dakatar da aiki da Rasha.

Mu ma mun ga irin wannan a gida. An kafa CEDEAO a Legas a 1975, ta ba talaka damar ƙetare iyaka ba tare da biza ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar ta sa wa Nijar takunkumi, aka rufe iyakoki har zuwa farkon 2024. A watan Satumban 2023 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kafa AES, kuma ficewarsu daga CEDEAO ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025.

A takarda dai yankinmu ya koma yamma. To amma ina wake da dabbobin Tasawa da Mayahi suka saba nufa? Jibiya, Mai'aduwa da Dawanau ta Kano. Daga can kuma atamfa, robobi da kayan masarufi ke shigo mana. Bamako na da nisa, Katsina kuwa ƙofar gida ce. Da aka hana fitar da hatsi a watan Oktoban 2024, Mali da Burkina kaɗai aka ware. Manufar ita ce abinci ya yi sauƙi a gida, amma manomi da ɗan kasuwa sun rasa babban mai saye.

Ba mu ja da 'yancin ƙasa na zaɓen abokan tafiyarta. Roƙonmu ga hukumomi shi ne a samu rubutacciyar yarjejeniya tsakanin AES da CEDEAO kan zirga-zirgar mutane da kaya, a kuma ƙarfafa hukumar haɗin gwiwar Nijar da Najeriya da aka kafa a 1971. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na mata su kai kukansu tun ana kan teburi, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kafin nan, kowa ya riƙe katin shaidarsa da takardun duwan kafin ya ɗora kaya a mota.