Littafin Rajistar Ɗakin Haihuwa



Duk wanda ya taɓa raka mai naƙuda asibiti ya ga babban littafin nan a kan teburin ungozoma, bangonsa ya sha hannu har ya yi laushi. A ciki take rubuta lokacin da mace ta iso, da nauyin jariri, da ko an samu zubar jini. Idan ya cika, sai a ɗaure shi a ɗora saman kabad, ƙura ta rufe shi.

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A ɗakin haihuwa dai kimar ido ta sha cin rai. Shekara da shekaru ungozoma kan dubi zani, ta dubi ƙasa, ta ce "da sauƙi," alhali jinin ya wuce misali. A shekarar 2023 aka fitar da sakamakon binciken E-MOTIVE, wanda aka gudanar a asibitoci kusan 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kan mata fiye da 200,000. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero da ke Kano na cikin jagororinsa. Dabarar ba ta da tsada: shimfiɗar leda ce mai aljihu da layukan awo, a sa a ƙarƙashin mai jego. Da zarar jini ya kai rabin lita, sai a murza mahaifa, a yi allurai, a sa ƙarin ruwa, duka lokaci guda, ba ɗaya bayan ɗaya ba. Zubar jini mai tsanani ya ragu da kashi 60 cikin 100.

Hannun da ya shimfiɗa ledar nan, da idon da ya karanta layukan da ƙarfe uku na dare, na ungozoma ne. Abin da ke damuna shi ne, a yawancin bincike aikinta kan tsaya ga cike fom, wani ya kwashe ya rubuta. Ita kuwa ta fi kowa sanin dalilin da ya sa matan wani ƙauye ba sa zuwa awo, ko watan da jijjigar masu ciki ke ƙaruwa.

A makarantun jinya ana rubuta furojet, amma galibi don a ci jarrabawa ne kawai. Bayan an kama aiki kuma, wadda ke tsaron ɗaki ita kaɗai da masu naƙuda biyar, ina ta ga lokacin nazari?

Gyaran yana hannun shugabannin asibitoci da ma'aikatun lafiya na jihohi. A ware wa ma'aikatan jinya wuni guda a wata su zauna da malamin jami'a, su sauko da littafin nan, su ƙirga, su fitar da tambaya guda. A ba su ɗan kuɗin zirga-zirga da na intanet, a lissafa aikin wajen ƙarin girma, sannan idan an buga sakamakon, sunan ungozomar ya fito a jerin marubuta.